Ƙin Shiga Giya ta Huɗu a Tsofaffin Motocin Jif: Ina Laifin Yake?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kafin Hausa zuwa Haɗeja ko Dutse ya san tsofaffin motocin jif ɗin nan 'yan Kwatano, musamman Toyota 4Runner ta shekarun 1990. Akwatin giyarsu, wanda kamfanin Aisin na Japan ya ƙera mai lamba A340, shi ke canza giya da kansa. Giya huɗu gare shi. A ta uku inji da sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafu juyinsu ɗaya, amma a ta huɗu, wadda ake rubuta wa O/D, juyin inji kan ragu zuwa kashi 0.705. Watau injin da ke juyi 3,000 a minti sai ya sauko kusan 2,100, gudu kuwa bai canza ba. Idan wannan giya ta ƙi shiga, sai a ji mota tana kuka bisa kwalta, tana shan mai ba ƙaƙƙautawa.

Abin takaici shi ne, da zarar an kai ta gareji sai a yanke hukuncin sauke akwatin giya, aikin da kan cinye kuɗin amfanin gona na shekara. Sau da yawa kuwa akwatin lafiyarsa lau.

Farkon abin dubawa shi ne maɓallin da ke jikin sandar giya, domin in an kashe shi fitilar O/D OFF kan kama, mota kuma ta tsaya a ta uku. Sa'an nan man giya, wanda ake aunawa inji na aiki kuma ya ɗau zafi. Ja ne in yana da lafiya. In ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kuloci sun ƙone; in ya yi fari-fari kamar an dama da nono, ruwa ya shiga, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ta ratsa ambaliyar fadamun Haɗeja.

Amma babban abin lura a nan ƙasar shi ne tamostat. Al'ada ce ta makanikai su cire shi wai don kada inji ya yi zafi. To, ƙwaƙwalwar motar an tsara ta ne ta hana giya ta huɗu har sai ruwan lagireto ya kai wajen digiri 60. Da sanyin hunturu, injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai nan ba. Saboda haka motar da ke ƙin giya da asuba cikin Janairu, ta kuma karɓa da azahar, ta riga ta faɗi ciwonta. Haka nan in na'urar auna zafin ruwan ta lalace, ƙarya za ta riƙa yi wa ƙwaƙwalwar.

Motar ma tana magana da fitila. A ƙirar da ta gabaci 1996, akan haɗa ramukan TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli ba a ta da inji ba, sai fitilar O/D OFF ta yi ta ƙiftawa. Ƙiftawa huɗu sa'an nan biyu, watau 42, na nufin na'urar auna gudu. 62 da 63 kuwa solanoyid na ɗaya da na biyu, ƙananan bawul masu aiki da lantarki.

Akwai kuma gwajin da ke raba gardama. A wannan akwati, giya ta huɗu kan shiga ne sa'ad da solanoyid biyun ba su da wuta. Don haka in aka zare wayarsu aka sa sanda a D, mota za ta tashi da nauyi ƙwarai, domin a ta huɗu take tun daga tsaye. In ta yi haka, ƙarafan ciki ba su da laifi, sai a koma bin waya. In kuwa ta ƙi, a lokacin ne ya kamata a ɗauko sifana.