Rigakafi da Haƙƙin Jama'a a Lokacin Annoba

 

A ranar 19 ga watan Maris 2020 aka samu mutum na farko da cutar korona a Yamai. Hukuma ta rufe masallatai har zuwa 13 ga watan Mayu, ta kuma wajabta wa mutanen birnin rufe baki da hanci da ƙyalle. Abin ya yi wa zukata nauyi. Mu ma nan Kore Mairuwa, da muke bakin babbar hanya, motocin Yamai suna ratsa mu dare da rana, mun sha jin ana cewa wai wannan raunin tawakkali ne.

To, a shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya nufi Sham. Da ya ji annoba ta ɓarke can, sai ya juya da jama'arsa. Wa zai ce Umar bai san tawakkali ba?

Abin da muke son mu fahimta shi ne, rigakafi ba na mai shi kaɗai ba ne. Ba mu manta sanƙarau na 1995 ba. Daga 2010 zuwa 2011 aka yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac a Nijar. Allurar tana hana ƙwayar cutar zama a maƙogwaro, wanda ya karɓa ba ya ɗauka balle ya kai gida. Ta haka jariri da tsoho, waɗanda ba a yi musu ba, suka samu kariya albarkacin wasu. Wanda ya dawo a 2015 wani iri ne dabam, da waccan allura ba ta tare shi.

Misalin wannan kamar sahun salla ne: in kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, babu kafar shiga. Ga ƙyanda, likitoci sun ce sai an yi wa yara 95 cikin 100 sannan sahun ya cika. Magidancin da ya ɓoye ɗansa ranar allura, kafa ya buɗe, kuma sau da yawa jaririn maƙwabci ne ke faɗawa.

Gaskiya, allurar korona, wadda aka fara a Yamai cikin Maris 2021, ta fi ƙarfi wajen rage tsananin ciwo bisa ga hana yaɗuwarsa. Nan ne amfanin ƙyallen yake: mai tari da ya rufe bakinsa a masallaci, dattijon da ke gefensa yake karewa.