Tsarki ga Kiristan Garki: Abin Yi da Abin Bari

A Garki tsarki abin gani ne da ido: buta a ƙofar shago, alwala sau biyar a rana. Shi ya sa wasu 'yan'uwa ke buɗe Littafin Firistoci, sura 11 zuwa 15, su ɗora wa kansu dokokin da Almasihu ya riga ya cika, wasu kuma su ce alheri ya sauke musu komai. Duka biyun sun kauce. Markus sura 7 ta nuna ƙazanta daga zuciya take fitowa. Saboda haka:

ABIN DA ZA A YI

1. Ku binciki kanku kafin Jibin Ubangiji. Mai gaba da ɗan'uwansa ya je su shirya tukuna, kamar yadda Matiyu sura 5 ta umarta. Farar riga ba ta wanke ƙiyayya.

2. Ku cika mudu. Littafin Firistoci da ya yi zancen wanka shi ne ya hana tauye awo, a sura 19. Wanda ya zuba yashi cikin riɗi, ya lotsa gindin kwano, ko ya dasa babban yatsa cikin tiya yana awon gero, shi ne mai ƙazanta, ko da shi ke jan waƙa ranar Lahadi.

3. Ku tsabtace gida da harabar majami'a. Maimaitawar Shari'a sura 23 ta sa a binne bayan gida a wajen zango. Ku gina masai, ku rufe randa, ku cike kwatami. A ƙauyukan nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi binciken zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976, kuma sauron bai ƙaura ba.

4. Ku furta zunubi da sunansa. Jinin Yesu ne ke wankewa, in ji Ibraniyawa sura 9.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada a hana mai haila ko mai jego shiga sujada. Matar da ta shekara 12 tana zubar jini ta taɓa tufar Yesu, ya kira ta 'yarsa. Kwana 40 na jego hutu ne, ba hukunci ba. Shugabannin Zumuntar Mata, ku daina tambayar mata zancen haila ko jego a ƙofa.

2. Kada a ware wa mai kuturta kwano. Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Tun a shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka wanke gyambon kutare a Yadakunya kusa da Kano. Yau cutar tana warkewa, maganinta kyauta ne. Ku raka mai cutar asibiti.

3. Kada ku raina maƙwabci Musulmi kan alwalarsa, kada ku kira kowa najasa. Bitrus ya koyi wannan kafin ya shiga gidan Karniliyus.

4. Kada 'yancin ci ya zama tsokana. Romawa sura 14 ta hana sa wani tuntuɓe saboda abinci. Abin da kuka san unguwa na ƙyama, kada ku kawo shi tsakar gidan haya.

5. Kada ku sayi tsarki a kwalba. Ruwan addu'a da man shafawa na kuɗi laya ce da aka sauya wa suna.

Fastoci da dattawa, horo ya fara daga kanku. Idan aka dakatar da yarinyar da ta yi ciki, aka ƙyale dattijon da ya ci kuɗin baiko, ikilisiya ce ke bukatar tuba.