Tsutsar Teku da Jirgin Yaƙin Ingila Mai Suna Alarm

A ƙarni na 18, ba igwar abokan gaba kaɗai ke halaka jiragen ruwan yaƙi ba. Akwai wata halitta da masana ke kira Teredo navalis, wadda kan yi wa katakon jirgi irin ɓarnar da gara ke yi wa azara. Ko da yake ana ce mata tsutsa, a haƙiƙa dangin kawa ce. Jikinta dogo ne mai laushi, sai ƙananan ɓawo guda biyu a gaba masu kaushi kamar magagari, waɗanda take huda katako da su.

Tana shiga katako tun tana 'yar mitsitsiya, ta bar ƙofar da da ƙyar ido ke gani, sa'an nan ta ci gaba da girma a ciki. Saboda haka jirgi na iya zama lafiya lau a waje alhali cikinsa ya koma kamar saƙar zuma. A shekarar 1983 masana suka keɓe bakteriyar da ke zaune a gaɓar numfashinta, wadda ke samar da sinadarin narkar da katako. Ɓarnarta kuwa ta fi tsanani a ruwa mai ɗumi.

Alarm matsakaicin jirgi ne mai sauri, mai igwa 32, wanda aka saka a ruwa a shekarar 1758, lokacin Yaƙin Shekara Bakwai. A 1761 hukumar sojan ruwan Ingila ta sa aka lulluɓe ƙasansa da fallayen jan ƙarfe, aka tura shi tekun Karibiyan. Yana cikin rundunar da ta ƙwace birnin Havana daga hannun Sifaniya a 1762.

Da aka duba shi a 1763, sai aka tarar tsutsar ba ta taɓa katakon ba, kuma ciyayi da ƙananan halittun da kan manne su rage gudun jirgi ba su sami wurin zama ba, domin jan ƙarfe guba ne a gare su. To amma fallaye da dama sun ɓamɓare, saboda ƙusoshin baƙin ƙarfen da aka kafe su da su sun zagwanye. Masu binciken sun lura cewa inda takardar da aka naɗo fallayen ta maƙale tsakanin ƙusa da jan ƙarfe, ƙusar ba ta lalace sosai ba. Yau mun san dalili: idan ƙarafa iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, sukan zama tamkar batir, baƙin ƙarfen ne kuma ke cinyewa.

Duk da wannan matsala, a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka an lulluɓe akasarin jiragen Ingila da jan ƙarfe, abin da ya ba su damar daɗewa a teku ba tare da komawa gyara ba. Daga 1783 aka soma maye gurbin ƙusoshin baƙin ƙarfe da na jan ƙarfe. Shi kuwa Alarm sai a 1812 aka wargaza shi.

Ɗalibi ya lura da abu biyu a nan. Maganin wata matsala kan haifi wata, don haka gwaji bai cika ba sai an koma an duba sakamakonsa. Na biyu, da masu binciken sun yi watsi da wannan 'yar takarda a matsayin shara, da sun rasa bakin zaren.