Darasi Na 14: Ruwan Kowa Da Kowa

Unguwar Kanawa tana cikin garin Kaduna, arewa da kogi. Gidajenta a matse suke, mutane kuwa ga su da yawa. Tun da asuba za ka ga 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki. Wanda ba shi da famfo ko rijiya a gida, sai ya saya, ko ya aiki yara su bi layi.

Amma in ka bi ta ƙofar masallaci, sau da yawa za ka ga randa ko tanki, da moɗa a kai. Mai wucewa ya tsaya ya sha, ba mai tambayarsa ko anini. Haka muke yi a ƙauyukanmu ma. Wannan al'ada tsohuwa ce, ba kuwa mu kaɗai ke da ita ba. A waɗansu garuruwa har gini aka yi wa ruwan jama'a, aka ƙawata shi kamar fada. Bari mu ji labarin huɗu daga cikinsu.

Na farko a gida yake, watau rijiyar Kusugu ta Daura. Labarin da muka gada ya ce wata macijiya ce ta hana mutane ɗibar ruwa, sai ran Juma'a kaɗai. Da Bayajida ya kashe ta, sarauniya Daurama ta aure shi. Kun ga darajar wanda ya buɗe wa gari ruwa. Rijiyar tana nan har yau a cikin gini, baƙi suna zuwa kallonta.

Na biyu a Alƙahira yake, babban birnin Masar. A can sarakuna da attajirai suka riƙa gina ɗakin ruwa a bakin hanya. Sunansa sabil, domin fi sabilillahi ake bayarwa. A ƙarƙashin ƙasa akwai babban rumbun ruwa. A sama da shi akwai ɗaki mai taga da raga ta tagulla. Ma'aikaci yana ciki, yana miƙa wa masu wucewa ruwa ta tagar. Sarki Ƙayitbai ya gina wani irinsa a shekarar 1479. A benensa kuwa aka yi makaranta, inda ake koya wa yara Alƙur'ani da rubutu. Ruwa a ƙasa, karatu a bisa! Yanzu an daina raba ruwa a wurin, amma ginin yana tsaye.

Na uku a birnin Rum yake, ƙasar Italiya. Sunansa Tirebi, an gama gininsa a 1762. Maɓuɓɓuga ce wadda magina suka yi da dutse, ruwa yana kwararowa cikin wani babban kwarmi. Ruwan daga bayan gari yake zuwa, tafiyar fiye da mil 12, ta wata hanyar ruwa wadda aka fara ginawa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A zamanin da ba inji, yaya ruwa ke tashi sama? Ga yadda abin yake. In ruwa ya taso daga tudu ya gangaro cikin bututu, nauyin na baya yana tura na gaba. Da ya sami ƙofa sai ya yi tsartuwa. Amma ba ya wuce tsayin inda ya taso.

Na huɗu a Kano yake, garin da Unguwar Kanawa ta samo sunanta. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a 1931, aka buɗe aikin ruwan famfo da kuɗin baitulmalin En'e. Inji ya riƙa turo ruwa daga kogin Calawa zuwa tanki a kan Goron Dutse. Daga can sai ya gangaro cikin gari da kansa. Dabara ɗaya ce da ta Rum.

To, me ya sa waɗannan wurare suka daɗe? Domin an sa masu kula da su. Mai gina sabil yakan bar waƙafi, watau dukiyar da za a riƙa biyan ma'aikaci da gyara. Mu kuwa sau da yawa akan haƙa mana rijiyar burtsatse, mu yi murna. Bayan shekara ɗaya ta lalace, kowa ya ce ba tasa ba ce. Sai mata su koma tafki, yara su kwanta da amai da gudawa.

Kada mu ce ba mu iya ba. Da can kurkunu ya kan kwantar da manoma da damina. Da aka dage da tace ruwa da gyara rijiyoyi, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare a Nijeriya.

Saboda haka mu yi abu uku. Mu ɗaga bakin rijiya, mu yi mata murfi. Mu hana wanki da shayar da dabbobi a gindinta. Mu zaɓi mutum mai amana ya riƙa karɓar kuɗin gyara kowane wata, yana rubutawa a littafi. Ga amfanin karatunku ya zo. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Tambayoyi

1. A wane gari rijiyar Kusugu take?
2. Me ake yi a benen sabil na Ƙayitbai?
3. Me ke sa ruwa ya tashi sama ba da inji ba?
4. Wa ke kula da rijiyar garinku?

Aiki: Rubuta sunayen wuraren da ake ɗibar ruwa a garinku. Sa alama a gaban wanda ya lalace.