Amsoshin Tambayoyinku: Ziyarar Sukur

Wani mai sauraro ya nemi bayani kan Sukur da yadda ake kai mata ziyara.

Sukur tsohuwar masarauta ce a kan duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, kuma ita ce wuri na farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya, a shekarar 1999. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne fadar Hidi, wato sarkin garin, wadda aka gina da duwatsu ba tare da laka ba, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni domin tare zaizayar ƙasa, da kuma kufan matoyar tama, inda magabata suka narka ƙarfen da ya arzuta su.

Mota ba ta kaiwa sama, sai dai baƙo ya taka tsohuwar hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu, saboda haka rani ya fi dacewa. Tun da mayaƙan Boko Haram suka kai hari a 2014, wajibi ne a binciki yanayin tsaro tukuna. Mai ziyara ya fara gaida Hidi, ya nemi ɗan jagora, kada kuma ya ɗauke ko tsakuwa ɗaya.