Tafin Raƙumi da Tayar Akori-Kura: Yadda Ake Zaɓen Girman Taya

Gabatarwa

Akori-kura mota ce mai aiki biyu. Da safe tana kan kwalta, da rana kuma ta faɗa hanyar ƙauye, ta keta yashi ko taɓo ɗauke da buhunan hatsi. Idan lokacin sauya taya ya yi, masu irin wannan mota da dama sukan yi sha'awar sanya wadda ta ɗara ta asali girma, bisa zaton babbar taya ba ta kafewa. Wannan maƙala za ta ɗora zaton nan a kan ma'aunin kimiyya, domin kuskure a nan yakan ci kuɗi, wani lokaci ma har da rayuka.

Rubutun da ke jikin taya

Kowace taya tana ɗauke da bayanin kanta. Bari mu ɗauki misali da wadda akan gani a jikin Toyota Hilux, mai lamba 265/65 R17 112S.

Lamba ta farko, 265, ita ce faɗin tayar da milimita. Ta biyu, 65, tana nuna cewa tsawon gefen tayar, wato daga bakin ƙarfen da aka ɗaura ta a kai zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 ne cikin 100 na wannan faɗi, kimanin milimita 172 ke nan. Harafin R yana nufin zarurrukan cikin tayar sun ratsa ta kai tsaye daga gefe zuwa gefe, ƙirar da kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Lamba 17 kuwa faɗin ƙarfen ne da inci, wanda ya yi daidai da milimita 432. Daga ƙarshe, 112 alama ce ta cewa tayar na iya ɗaukar kilo 1,120, S kuma na nufin iyakar gudunta kilomita 180 ne a awa ɗaya.

Domin a sami tsayin tayar baki ɗaya, sai a haɗa faɗin ƙarfen da tsawon gefe sau biyu: 432 + 172 + 172 = milimita 776.

Darasi daga raƙumi

Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma a cikin rairayi irin na Yusufari ta Jihar Yobe ƙafar jaki ce ta fi nutsewa. Dalili shi ne jaki yana tafiya a kan ɗan ƙaramin kofato mai tauri, shi kuwa raƙumi yatsunsa biyu suna zaune a kan wani matashi mai taushi na kitse da jijiyoyi, wanda yake bajewa da zarar nauyi ya hau shi. Masana kimiyya sun taƙaita wannan da cewa: matsi shi ne nauyi a raba shi da faɗin wurin da aka taka. Gwargwadon yadda wurin ya ƙara faɗi, gwargwadon yadda matsin zai ragu, nutsewa ma ta ragu.

To, mene ne yake ƙayyade faɗin sawun taya? Mafi yawa iskar da ke cikinta ce, domin iskar ce take ɗauke da motar. A ƙaddara kowace taya tana ɗauke da kilo 500. Idan ma'aunin mai faci ya nuna awo 32, sawun zai kai kimanin murabba'in santimita 220. Idan aka rage iskar zuwa awo 18, sawun zai doshi 400. Ashe ke nan an kusa ninka shi ba tare da an kashe ko kwabo ba. Taya mai faɗi kuwa, in dai awon iskarta ɗaya ne da na siririya, sawunta ba ya ɗara na siririyar sosai. Siffarsa ce kawai take sauyawa, ya zama gajere mai faɗi a maimakon dogo siriri.

Wannan ne ya sa tsawon gefen taya yake da muhimmanci ga motar daji. Gefe mai tsawo yana da wurin lanƙwasawa, don haka ya kwaikwayi tafin raƙumi, kuma yana shanye bugun dutse da na rami kafin ya kai ga ƙarfe. Ga mai bin hanyar burji, ƙarfe mai inci 16 ko 17 da taya mai dogon gefe ya fi ƙarfe mai inci 20 da taya mai gajeren gefe, ko da tsayinsu ɗaya ne.

Sai dai a kula. Rage iska dabara ce ta cikin yashi da tafiyar sannu. Da an hau kwalta wajibi ne a mayar da iskar, saboda taya mai ƙarancin iska tana yawan lanƙwasawa, ta ɗau zafi, har ta kai ga fashewa.

Ribar ƙarin girma da asararsa

A ce mai mota ya cire 265/65 R17 ya sanya 285/70 R17. Tsayin sabuwar tayar ya kai milimita 831, ƙarin milimita 55 ke nan, ko kashi 7 cikin 100. Amma rabin wannan ƙari ne kaɗai yake ƙarƙashin tsakiyar tayar, saboda haka cikin motar zai ɗaga daga ƙasa da milimita 27 kacal, wanda bai fi kaurin yatsu biyu ba. Ribar ke nan. Ga kuma abin da za a biya:

1. Maleji zai daina faɗin gaskiya. Shi juyawar taya yake ƙirgawa, ga shi kuma kowane juyi yanzu yana cin tafiya mai tsawo. Idan ya nuna 100, motar tana gudun kusan kilomita 107 ne.

2. Ƙarfin ja zai ragu da kimanin kashi 7 cikin 100, domin injin yana juya abin da bakinsa ya ƙara nisa da tsakiyarsa. Direba zai ji haka a wajen tashi da kaya, da kuma hawa irin na tsaunin Mambila.

3. Wannan doka ta shafi birki ma. Ga ƙarin nisa, ga ƙarin nauyin tayar kanta, don haka tsayawa za ta ƙara wuya.

4. Taya mai nauyi da faɗi takan ƙara shan mai, musamman a cikin gari inda ake yawan tsayawa da tashi.

5. Tana iya gugar jikin motar idan an karya sitiyari gaba ɗaya, ko idan kaya sun danne sifirin.

6. Ɗaga mota yana ɗaga cibiyar nauyinta, abin da ke sauƙaƙa kifewa a kan kwana.

Shawara

Mafari shi ne takardar da kamfani yakan manna a jikin ƙofar direba, wadda ta nuna girman taya da awon iskar da suka dace da motar. Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta ce, ya tsaya a nan. Wanda kuma hanyarsa take da zurfin sawu har cikin motar yana gogar ƙasa, taki ɗaya ya wadatar. Misali, 265/70 R17 tsayinta milimita 803 ne, ƙarin da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma gefenta ya fi tsawo. Ko ita ma a gwada ta, a karya sitiyari dama da hagu kafin a biya kuɗi.

Kada lambar ɗaukar nauyi ta gaza wadda kamfani ya rubuta. Tayoyin huɗu da safaya su zama girma ɗaya, musamman a motar da dukkan ƙafafunta suke ja, domin bambancin tsayi yana wahalar da giya. Game da zanen taya, mai alamar A/T ita ce tsaka-tsaki tsakanin kwalta da daji. Mai alamar M/T gwanar taɓo ce, amma a kan kwalta tana da ƙara, kuma riƙonta yakan ragu idan an yi ruwa. A kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: 2322 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Roba tana tsufa ko da ba a yi amfani da ita ba.

Aikin gwaji ga ɗalibai

A sami keke da farar takarda. A shafa wa tayar baya jiƙaƙƙen gawayi, a ɗora ta a kan takardar, ɗalibi ɗaya ya hau. A auna tsawo da faɗin sawun. Sannan a rage rabin iskar, a maimaita da wannan ɗalibin. Wanne ya fi ƙaruwa, tsawon sawun ko faɗinsa? Daga nan a lissafa tsayin taya mai lamba 245/70 R16, a kwatanta shi da milimita 776 da muka samu a baya.

Kammalawa

Mun ga cewa abin da ke fitar da mota daga yashi shi ne faɗin sawu, shi kuwa sawu iska da tsawon gefen taya ne suke ba da shi. Mun kuma ga cewa duk wani ƙarin tsayi ana biyansa da ƙarfin ja, da birki, da mai. Saboda haka ma'aunin iska da famfo a bayan kujera sun fi yi wa mai akori-kura amfani a kan manyan tayoyi huɗu.