Lissafi: yadda ake auna jin daɗin ma'aikata

1. Garin ma'aikata

Arlit gari ne na ma'aikata. Yana arewa da Agadas, kimanin kilomita 240, yamma da duwatsun Azbin. An kafa shi a shekarar 1969 saboda uraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara fid da uraniyom a 1971, daga buɗaɗɗen rami. Kamfanin COMINAK ya fara a 1978, daga rami na ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kamar mita 250. Ma'aikatansa suka zauna a Akokan. Mutane suka zo neman aiki daga Tawa, da Maraɗi, da Damagaram, da sauran sassan Nijar.

Ran 31 ga watan Maris 2021 aka rufe ramin COMINAK. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aikinsu, ban da ƴan kwangila. A 2025 gwamnatin Nijar ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa.

A irin wannan gari, gidaje da yawa da albashi suke cin tuwo. In ma'aikaci ba ya jin daɗin aikinsa, yana iya barinsa, ko kuwa ya yi sakaci har a gamu da hatsari. Saboda haka masu ba da aiki da ƙungiyoyin ƙwadago sukan tambayi ma'aikata ra'ayinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in amsoshi suka yi yawa, ba a gane abin da suke faɗi sai da lissafi.

2. Tambaya da amsa

Ga misali. A ɗauka akwai wani garejin manyan motoci a Arlit. Ma'aikatansa 20 ne: direbobi 10, makanikai 10. Maigidan garejin yana son ya san ko sun gamsu da aikinsu. Akawu ya raba wa kowa takarda mai tambaya ɗaya: "Ka gamsu da aikinka?" Kowa zai zaɓi lamba ɗaya:

1 = ban gamsu ba ko kaɗan
2 = ban gamsu ba
3 = kadaran-kadahan
4 = na gamsu
5 = na gamsu ƙwarai

Ba a rubuta suna. Mutum ya nuna irin aikinsa kawai, ya naɗe takarda, ya jefa cikin kwali. In da suna a kai, mai tsoron kora zai rubuta 5 ko da ransa a ɓace yake.

3. Jadawali

Akawu ya juye kwalin, ya tara takardu masu lamba iri ɗaya wuri ɗaya, ya ƙirga. Sa'an nan ya nemi kashi cikin ɗari. Ana ninka yawan mutanen da 100, a raba da 20.

Lamba 1: mutum 4, kashi 20 cikin 100
Lamba 2: mutum 2, kashi 10 cikin 100
Lamba 3: mutum 8, kashi 40 cikin 100
Lamba 4: mutum 2, kashi 10 cikin 100
Lamba 5: mutum 4, kashi 20 cikin 100

Jimla mutum 20, kashi 100. In jimla ba ta cika ba, akwai kuskure, sai a sake ƙirga.

Lambar da aka fi zaɓa ita ce 3. Ana kiranta mafi yawa.

4. Matsakaici

Matsakaici shi ne abin da kowa zai samu in an haɗa duka an raba daidai. Akawu ya haɗa lambobin:

(1 x 4) + (2 x 2) + (3 x 8) + (4 x 2) + (5 x 4) = 60
60 : 20 = 3

Ya kai wa maigida takarda, ya ce: "Ranka ya daɗe, matsakaici 3 ne." Maigida ya ce: "To, ba yabo, ba fallasa. A bar kome yadda yake."

Maigida ya yi gaggawa. Lamba ɗaya ya duba, alhali mutum 20 ne suka yi magana.

5. Tazara

Akawu ya koma ya ware takardun kashi biyu, ya jera lambobin daga ƙarama zuwa babba.

Direbobi: 2, 3, 3, 3, 3, 3, 3, 3, 3, 4
Makanikai: 1, 1, 1, 1, 2, 4, 5, 5, 5, 5

Jimlar direbobi 30, matsakaici 3. Jimlar makanikai 30, matsakaici 3. Matsakaici ɗaya ne, amma jerin ba ɗaya ba ne. Cikin makanikai babu ko mutum guda da ya zaɓi 3.

A nan ake neman tazara. Ana cire lambar da ta fi ƙanƙanta daga wadda ta fi girma.

Direbobi: 4 – 2 = 2
Makanikai: 5 – 1 = 4

Ƙaramar tazara tana nuna bakin mutane ya zo kusan ɗaya. Babbar tazara tana nuna kansu a rabe yake. Rabin makanikai suna murna, rabi suna kuka. Lissafi bai faɗi dalili ba, ya dai nuna wurin da za a bincika.

Da aka zauna da wakilin ma'aikata, sai dalili ya fito. Makanikai biyar an ɗauke su aiki na dindindin. Suna da albashin wata, da hutu, da kuɗin magani. Biyar kuma ƴan aikin yini ne. Ranar da babu mota, babu kuɗi. Aiki ɗaya suke yi, ƙura ɗaya suke shaƙa, amma ladansu ba ɗaya ba. Da an tsaya ga matsakaici, da kukan mutum biyar ya ɓace cikin lamba 3.

6. Lambar tsakiya

Wajen albashi ma matsakaici yana iya ruɗin mutum. A ɗauka ga albashin mutum biyar na garejin, a wata:

jikka 45, jikka 45, jikka 50, jikka 60, jikka 300

Jimla jikka 500. In an raba da 5, matsakaici jikka 100. Amma huɗu daga cikinsu ba su taɓa riƙa jikka 100 a wata ba. Albashin shugaban aiki, jikka 300, shi ya ja matsakaici sama.

Maganin wannan ita ce lambar tsakiya. Ana jera lambobi daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki wadda ke tsakiya. A nan jikka 50 ce: biyu suna ƙasa da ita, biyu suna bisa. Ita ta fi kusa da abin da yawancinsu ke kaiwa gida. In lambobi biyu ne a tsakiya, sai a haɗa su a raba biyu.

Abin tunawa

Jadawali yana nuna mutum nawa suka ba da kowace amsa.
Mafi yawa ita ce amsar da aka fi bayarwa.
Matsakaici shi ne jimla a raba da yawan mutane.
Lambar tsakiya ita ce ta tsakiyar jeri.
Tazara ita ce babba a cire ƙarama.
Ba a yanke shawara da matsakaici shi kaɗai.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Arlit? Don me?
2. Shekara nawa COMINAK ya yi yana fid da uraniyom?
3. Don me ba a rubuta suna bisa takardar tambaya?
4. Mutum nawa ne ba su gamsu ba, wato masu lamba 1 da 2? Kashi nawa ke nan cikin 100?
5. Mene ne kuskuren maigida?

Aiki

1. An sake tambayar ma'aikatan 20: "Mi ya fi damunka?" Mutum 8 suka ce ƙura, 6 suka ce albashi, 4 suka ce tsadar gidan haya, 2 suka ce nisa da iyali. Ku yi jadawali, ku nemi kashi cikin ɗari. Wace amsa ce mafi yawa? Ana iya neman matsakaici a nan? Don me?
2. Ga amsoshin masu gadi bakwai: 2, 5, 2, 4, 1, 2, 5. Ku jera su. Ku nemi matsakaici, da lambar tsakiya, da tazara.
3. Ku tambayi ƴan ajinku ko sun gamsu da aikin sharar aji, daga lamba 1 zuwa 5, ba tare da suna ba. Ku rubuta jadawali bisa allo, ku ware na ƴan mata da na ƴan maza, ku gwada su.